Ku Karɓi Hannun Kaka, Ku Rage Mata Wuta

A yawancin gidajenmu, wadda ta haifi jariri ba ita ke yi masa wanka ba. Aikin kaka ne, ko gwaggo, ko ungozoma, ko wata tsohuwar unguwa da aka yarda da hannunta. Mai jego tana can tana fama da nata wankan, ga kunun kanwa, ga 'yan barka suna shiga suna fita. In kuwa haihuwar fari ce, kunyar ɗan fari kan hana ta ko leƙa bahon. Haka za a yi arba'in ana miƙo mata yaro fes, an shafe shi da mai yana sheƙi, ta koma ɗakin mijinta ba ta san abin da ake yi masa safe da yamma ba. A da wannan bai dami kowa ba, domin gida babba ne, tsofaffi ba sa yankewa a cikinsa. Yau da yawanku kuna zaune a ciki da falo na haya, a Kano ko Abuja ko Yamai, kaka ta zo ta yi mako biyu ta koma. Sai a bar ku da jariri da baho da wayar hannu. Shi ya sa, ƙannena mata da maza, nake so mu duba wankan nan da kyau, domin akwai ilimi na gaske a cikinsa, akwai kuma abin da ya kamata a ajiye.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalla ba zai ɗauka sabulu ne da soso kawai. Tsohuwa za ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafunta bisa baho, ta kwantar da jaririn a kansu. Bayan ta cuɗe shi sai ta shiga gashi: ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta matse, ta danna masa a baya da ƙugu da gaɓoɓi. Daga nan sai miƙa. Ta haɗa hannayensa a ƙirji, ta buɗe su, ta lanƙwasa ƙafafunsa zuwa ciki, ta sake su, ta kife shi a cinya ta bi gadon bayansa da tafin hannu. Wata takan ɗaga shi da hannu ɗaya, sannan da ɗayan. Wata ta riƙe ƙafafun ta juya shi kai a ƙasa, ko ta cilla shi sama ta cafe. A ƙarshe man kaɗe ko alayyadi, sai nono, sai barci mai nauyi. In ka tambaye ta dalili, za ta ce don jikinsa ya yi ƙwari, don gaɓoɓinsa su saki, don kada ya tashi matsoraci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji ta.

Wasu cikinku, musamman waɗanda suka yi boko mai zurfi, suna yi wa wannan kallon camfi. Ku dakata tukuna. Tun a shekarun 1950 wata likita Bafaranshiya, Marcelle Geber, ta auna jarirai a Kampala ta ƙasar Yuganda, ta ga suna riƙe wuya da zama tun kafin lokacin da littattafan Turai suka ƙayyade. An daɗe ana gardamar ko halitta ce ko reno. A 1976 Charles Super ya fitar da abin da ya gani a ƙauyen Kokwet, cikin 'yan ƙabilar Kipsigis na Kenya: jariransu suna riga na Amurka zama da tsayuwa da tafiya da kamar wata guda. Amma a rarrafe ba su riga kowa ba. Dalilin a fili yake. Iyayen Kipsigis suna koya wa yaro zama da gangan, su tona ɗan rami su zaunar da shi a ciki, ko su kewaye shi da tsummoki, su kuma riƙe shi ta hammata suna sa shi taka ƙasa. Rarrafe kuwa ba wanda ke koya masa. Abin da aka koyar shi ya zo da wuri, wanda aka bari ya zo a lokacinsa. Duk wanda ya ga yadda ake zaunar da ɗan wata huɗu a cikin baho ko kwali a tokare shi da zannuwa a tsakar gidanmu, ya san ba baƙon abu ake faɗa ba.

A Mali, Blandine Bril da Colette Sabatier sun rubuta a 1986 yadda matan Bambara ke miƙar da jarirai suna rataya su da hannu bayan wanka, kusan irin namu. Brian Hopkins da Tamara Westra sun bi matan Jamaika mazauna Ingila, waɗanda suka gaji irin wannan tausa da miƙa daga iyayensu, suka ga 'ya'yansu suna riga 'ya'yan Turawan maƙwabta zama da tafiya. Wanda ya fi kashe gardamar jini da launin fata shi ne gwajin Philip Zelazo a Amurka a 1972. An sa iyaye su riƙa riƙe jariransu a tsaye suna barin su taka ƙafa na 'yan mintuna kullum, daga mako na biyu zuwa na takwas da haihuwa. Waɗannan yaran sun riga takwarorinsu fara tafiya da 'yan makonni. Wato abin da kakanninmu ke yi ba tare da agogo ko takarda ba, an gwada shi da agogo da takarda, an ga yana aiki.

Kada kuma a manta da goyo, domin a ganina ya fi wankan kansa tasiri. Wanka minti ashirin ne, goyo kuwa yini ne. Yaron da ke bayan uwa tana daka, tana shara, tana sunkuyawa tana miƙewa, wuyansa da gadon bayansa ba sa daina aiki, kullum yana gyara zamansa don ya daidaita da motsinta. Ga wani amfanin da ba a cika faɗa ba: zaman goyo, ƙafafu a buɗe sun rungumi ƙugun uwa, shi ne zaman da ya fi dacewa da mahaɗar cinya da ƙugun jariri. A wuraren da ake naɗe jariri tamau da ƙafafu a miƙe a haɗe, an fi samun yaran da wannan mahaɗa ke gocewa. Don haka ƙanwata, in wata ta ce miki zani da majanyi ƙauyanci ne, ki yi murmushi ki ci gaba da goyonki. Ki dai lura fuskarsa na waje, hanci a buɗe, wuya a tallafe in yana ƙarami.

Sai dai akwai inda muke wuce gona da iri, wato gasar da ake yi da tafiyar yara. "Ɗan wance wata tara ya miƙe, naki har yanzu yana jan gindi?" Magana ɗaya irin wannan a gidan suna takan hana uwa barci mako guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Nowe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Zama ba tare da tallafi ba yakan zo tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9. Tafiya da kai kuwa daga wata 8 har zuwa kusan wata 18. Tazarar kusan wata goma ke nan, kuma dukkansu lafiyayyu. Kimanin huɗu cikin ɗari ma ba su yi rarrafe ba sam, daga zama sai tsayuwa. A birnin Zurik na Suwizalan, Oskar Jenni da abokan aikinsa sun bi yara tun suna jarirai har suka girma, suka bayyana a 2013 cewa tsakanin lafiyayyun yara, wanda ya riga tafiya bai fi wanda ya jinkirta basira ko iya sarrafa jiki ba daga baya. A Tajikistan har yau ana ɗaure jarirai a wani gadon katako da suke kira gahvora na sa'o'i masu yawa a yini. Yaran sukan makara wajen rarrafe da tafiya, amma su ma suna tashi su yi gudu kamar kowa. Hannun kaka yana gaggauta abu da 'yan makonni, ba ya ƙera gwani. Wanda ya fahimci haka ba zai matsa wa jariri don a yaba masa ba.

To mene ne ribar, in ba gasa ba? Ribar tana cikin taɓawar kanta. A 1986 Tiffany Field ta gwada tausa a kan jarirai bakwaini a wani asibiti a Miami: minti 15, sau uku a rana, kwana 10. Waɗanda aka yi wa sun fi sauran ƙara nauyi a kullum da kashi 47 cikin ɗari, aka kuma sallame su kwana shida kafin sauran. A kan jariran da suka cika watanninsu shaidar ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya yi wa lafiyayyen jariri tausar jiki gaba ɗaya, da sharaɗin a yi ta a hankali. Akwai kuma ribar da ba a aunawa da sikeli. Wadda ke tuɓe jariri sau biyu a rana tana bin jikinsa da hannu, ita ce farkon mai ganin ƙurji, ko kumburi, ko idon da ya fara rawaya, ko hannun da ba ya motsi kamar ɗan'uwansa. Tsofaffin nan sun gano cututtuka da yawa a bakin baho tun kafin kowa ya lura.

Yanzu sai batun wuta, kuma a nan ba zan sassauta ba. Fatar jariri ta fi ta babba siranta nesa ba kusa ba. Hannun tsohuwar da ta shekara arba'in tana tuƙa tuwo tana ɗaukar garwashi da yatsu ba ma'auni ba ne. Abin da ta ji ɗumi-ɗumi, shi ƙuna ne a wurinsa. Ruwan wankan jariri kada ya wuce ɗumin jikin mutum, wajen digiri 37. A zuba na sanyi tukuna sannan a sirka da na zafi, a gauraya, a tsoma gwiwar hannu a ji. In jariri ya tsala ihu fatarsa ta yi ja jawur, ba ƙwari yake yi ba, ƙonewa yake. Maganar "bar shi ya yi kuka, ƙirjinsa ke buɗewa" ba ta da tushe. Mun san kuma zafin nan bai tsaya kan jariri ba. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da wankan tafasasshen ruwa. Wannan zance ne mai zaman kansa, na dai taɓo shi don ku ga son zafin ya yi mana yawa.

Abin mamaki, wankan da ake yi don ɗumama jariri shi ke jawo masa sanyi. Da an fito da shi daga ruwa jiƙe, a tsakar gida, da asubar hunturu, zafin jikinsa kan zube cikin 'yan mintuna, musamman ta kai. Ya fi haɗari a ranar haihuwa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jinkirta wankan farko sa'a 24, in al'ada ta matsa ƙwarai to aƙalla sa'a 6. A goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula, ya kama nono. Farin maiƙon nan da yake fitowa da shi, wanda ake dirzawa da man ja ko man gyaɗa wai don kada ya tashi da warin jiki, kariya ce Allah ya yi masa. Yana hana fata bushewa, yana tare ƙwayoyin cuta, kuma da kansa yake shigewa. Ba shi da alaƙa da warin hammatar da zai zo bayan shekara goma sha. Bakwaini da ɗan ƙaramin jariri kuwa, nasu jinkirin ya fi haka, ƙirjin uwa ya fi musu baho amfani.

Cibiya ita ce inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ana gasa ta da tsumma mai zafi ko kasko, ana sa mata man goge baki, ko gishiri, ko toka, ko man zafi, don ta faɗi kafin suna. Ku tuna ciwo ne buɗaɗɗe da ke kaiwa cikin jiki kai tsaye. Ta nan cutar tetanus ke shiga, jariri ya daina kama nono, muƙamuƙinsa ya sarƙe, jikinsa ya sandare, a ce iska ce ko maita. A bar cibiya a bushe, a tsabtace, ƙunzugu ya tsaya ƙasa da ita. In za a shafa wani abu, to maganin cibiya na kiloheksidin da ake bayarwa a asibiti, a cibiyar kaɗai, kada ya kusanci ido. Za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wadda ta turo waje bayan ta warke, gashi ba ya mayar da ita, ɗaura mata kwabo ma haka. Yawanci takan koma da kanta kafin yaro ya shekara huɗu ko biyar.

Haka batun gyaran kai. Ƙasusuwan kan jariri suna hawa juna don ya samu hanyar fitowa, shi ya sa kan yake fitowa da tsini, kuma cikin kwanaki zuwa makonni yake daidaita ba tare da an danna ba. Maɗiga takan rufe wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ta faɗa ciki, alama ce ta ruwan jiki ya ƙare, galibi saboda gudawa, kuma abin da yaro ke buƙata nono ne da asibiti, ba haɗin da za a shafa masa a ka ba. Nonon jariri da ya kumbura, na mace ko na namiji, kada a matse shi. Sinadaran jikin uwa ne suka jawo, zai sace da kansa, matsawar ce ke sa shi ƙurji. Cillawa sama da ratayawa da hannu ɗaya kuwa, ni dai ban ga abin da suke ƙarawa ba wanda miƙa a kan cinya ba ta bayar. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai da ƙarfi, hannun mai wanka ga sabulu ga mai. Suɓucewa ɗaya ta isa. Wani jaririn ma ƙashin kafaɗarsa ya tsage wajen haihuwa ba a sani ba. Jijjiga shi da ƙarfi kuma, ko da wasa ko don ya yi shiru, tana iya tsinka jijiyoyin jini a cikin kai.

Man kaɗe tsantsa ban da abin cewa a kansa, in fatar yaro ta karɓe shi. Abin gudu shi ne man zafi da hoda mai sanyin mentol da kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai. Yara da yawa a ƙasashenmu, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Irin waɗannan in kafur ko mentol ya taɓa su, jininsu kan fashe, shawara mai tsanani ta kama su, wadda in ta hau kai takan bar yaro da kurumta ko sandarewar gaɓoɓi har abada. Jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi rawaya a makon farko, asibiti za a nufa a ranar.

Ku masu boko, kada ku ɗauka laifin duk na tsofaffi ne. Naku ya fi shiru ne kawai. Jariri a kan katifa tun safe, an kewaye shi da matasai, ko a ɗaure a kujerar roba, uwa na kan waya uba na kan waya. Ba a ƙona shi ba, ba a kuma taɓa shi ba. Ga keken koyon tafiya irin na zama a ciki, wanda ya zama kayan barka na masu hali. Ba ya koyar da tafiya, yana rataye yaro ne ya riƙa tura ƙasa da 'yan yatsu, yana kuma kai shi bakin murhu ko matakala cikin ƙiftawar ido. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Keken katako mai ƙafa uku da kafinta ke yi, wanda yaro ke turawa yana tsaye da ƙafarsa, ya fi shi hankali. Mafi sauƙi duka tabarma ce. A shimfiɗa, a kwantar da shi rub da ciki yana farke kina kusa, kaɗan-kaɗan har ya tara aƙalla minti 30 a yini, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019. A nan yake koyon ɗaga kai da dogara hannu da juyi. In barci zai yi, a kwantar da shi rigingine. Kai kuma ƙanena, ba inda aka ce namiji ba ya shafa wa ɗansa mai. Kwanta ka ɗora shi a ƙirjinka bayan isha'i, ka bar shi ya yi ta ƙoƙarin ɗago kai ya ga fuskarka.

Na san abin da ke ranku: ta yaya za a faɗa wa Hajiya? Wadda ta wanke 'ya'ya tara da jikoki ashirin ba za ta ji daɗin yarinyar jiya ta karanta mata takarda ba, kuma da gaskiyarta. Kada ki fara da gyara, ki fara da roƙo. "Inna, ina so in koya a hannunki, bari in haɗa miki ruwan." Wadda ta haɗa ruwa ita ke da iko da zafinsa. Batun cibiya ki jingina shi ga asibiti: "Sun ce wannan maganin kaɗai za a sa, za su duba ranar rigakafi." In surukarki ce, ɗanta ya kamata ya yi maganar, a keɓe, cikin ladabi: "Hajiya, don Allah a bar cillawar nan, gabana faɗuwa yake." Tsofaffi da yawa sun fi saurin karɓa fiye da yadda ake zato in ba a kunyata su gaban mutane ba. Sauran kuwa, yadda take tallafe wuya da yatsu uku, yadda take juya shi ba ya firgita, yadda take bin bayansa har ya yi lamo, ki sa ido ki kwashe duka.

Akwai kuma inda hannu, kowane iri ne, ba ya isa. Yaron da ya kai wata huɗu wuyansa na lilo, ko wata tara bai zauna ba, ko shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko jikinsa ya cika sanyi lakwas, ko ya cika tauri ƙafafu na harɗewa, ko yana amfani da gefe ɗaya kawai, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a kai shi a duba. Ƙara masa gashi ɓata lokaci ne, alhali masu gashin ƙashi na asibiti sun fi samun nasara in an kawo yaro da wuri. Ƙafar jariri da ta ɗan yi baka ba cuta ba ce, haka ake haifarsu, takan miƙe wajen shekara biyu ko an ja ta ko ba a ja ba. Wadda ta ƙi miƙewa ko ta ƙara lanƙwasa bayan haka, sau da yawa laushin ƙashi ne. A Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa a wurinmu, inda rana ba ta yankewa, abin da ya fi jawo shi ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a abinci, kuma yaran da aka ba su shi ƙashinsu ya warke. Bayan yaye, kunun hatsi zalla ba ya wadatar da ƙashi. A haɗa masa da nono ko kindirmo, da garin ƙananan kifin da ake dakawa da ƙashinsu, a kuma bar likita ya ga ƙafar.